Kiwon Karnuka, da Abin da Za Mu Yi in Karen Maƙwabci Ya Rame

'Yan'uwa manoma, a tarurrukanmu mukan yi zancen shanun huɗa, da awaki, da kaji, amma da wuya a ji wani ya ta da zancen kare. Ga shi kuwa shi ne ke kwana a bakin rumbu, shi ke korar birai daga gonar masara, shi ke tashe mu in ɓarawo ya taɓa turken awaki. Yanzu kuma wani sabon abu ya shigo. Mutanen birni suna neman 'yan kwikwiyo da kuɗi mai kauri, musamman irin na waje kamar Alsatian da Boerboel. Saboda haka waɗansu sun mai da karya kamar gona, kowane lokaci sai ta haihu a sayar. Neman kuɗi ba laifi ba ne. Laifin yana wurin yadda ake yi.

Bari mu fara da lissafin jikin karya. Takan fara neman namiji tana da wata 6 zuwa 12, lokacin ita kanta ba ta gama girma ba. Daga nan takan nema kamar sau biyu a shekara, kowane karo wajen mako 3. Cikinta kwana 63 ne, ko sama ko ƙasa da 'yan kwanaki, sa'an nan ta shayar mako 6 zuwa 8. To, ku haɗa da kanku. In ta ɗauki ciki sau biyu a shekara, ta yi wata takwas ke nan tana ciyar da waɗansu daga jikinta. Karya mai shayarwa kuwa tana bukatar abinci ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci. A gidaje da yawa ƙanzon nan ne na kullum da ruwan wanke tukunya. Ina nonon zai fito? Daga namanta da ƙashinta yake fitowa, shi ya sa takan zama kamar kwarangwal.

Mai kiwo na kirki yakan bar karo na fari ya wuce, ya jira ta kai shekara ɗaya da rabi ko biyu. Bayan kowace haihuwa kuma ya bar karo ɗaya ya wuce, ya tsare ta a ɗaki ko shinge har makonnin nan uku su cika. Ba ya haɗa uba da 'yarsa, ko wa da ƙanwa, gama aibin da ke ɓoye a jini a nan yake fitowa. Ba ya raba 'ya'ya da uwa kafin mako 8. Kwikwiyon da aka sayar yana ɗan mako uku ko huɗu, sau da yawa zawon jini ne ajalinsa, mai saye ya yi hasara, sunan mai sayarwa ya ɓaci. Tun kafin barbara kuma ya kamata mutum ya san gidajen da 'ya'yan za su je. In ba ka bukatar 'ya'ya sam, likitan dabbobi yana iya yi wa karya aiki ta daina haihuwa, namiji kuma a fiɗiye shi. Kada a yi mata allurar hana haihuwa ta mata, yadda na ji waɗansu suna yi, domin tana iya sa mahaifarta ta tara mugunya.

Yanzu ga maganar da ta fi wuya. Ka ga karen maƙwabcinka ya rame, yana ɗaure da sarƙa a rana. Me za ka yi?

Da fari ka tabbatar rama ce. Karen ƙasarmu siriri ne tun asali, ba a gwada shi da na turawa. Mai lafiya, in ka shafa gefensa za ka ji haƙarƙari ƙarƙashin 'yar tsoka. Wanda ya rame, daga nesa kana ƙirga haƙarƙarinsa, ƙashin baya da na ƙugu sun fito tsuru, gashi ya bushe. In mai shi ya ɗaga leɓensa aka ga dasashi fari maimakon ja-ja, jini ya yi ƙaranci. Wannan yawanci aikin tsutsar ciki ne mai shan jini, ko kuwa zazzaɓin da kaska ke kawowa. Ashe ba kowace rama ce yunwa ba. Kare yana iya ci ya ƙoshi, tsutsa ta cinye amfanin. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu saurin yanke wa mutum hukunci.

Sai ka je wurinsa kai kaɗai, ba a bakin kasuwa ba, ba a ƙofar majami'a bayan sujada ba. Ku gaisa sosai, ka tambayi iyali da gona. Sa'an nan ka ce, “Baba, na ga karyar nan taka ta faɗa. Ko tun da ta haihu ne?” Tambaya takan buɗe baki, zargi yakan rufe shi. Sau da yawa za ka tarar hatsi ya ƙare a gidan, watan Agusta ne, yara ma sau ɗaya suke ci. Ko kuwa yaron da ke kula da ita ya tafi makaranta. Ko mutumin ya gani, kunya ce ta hana shi tambaya. Littafin Misalai, sura 12 aya 10, ya sa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci, amma ba a ba mu ayar don mu jefi ɗan'uwa da ita ba. Ka tafi da mudun dusa a hannu, ya fi wa'azi.

Wajen ciyarwa a yi hankali ƙwarai. Karen da ya daɗe da yunwa, in aka cika masa kwano rana ɗaya, yana iya amai da zawo, har ya mutu. A fara da kaɗan, kamar sulusin abin da mai lafiya zai ci, a raba sau huɗu a yini, a riƙa ƙarawa sannu har mako guda ko kwana goma. Tuwo ko dafaffiyar dusa kaɗai ba su gina jiki. A haɗa da garin ƙuli-ƙuli, ko dafaffen waken soya, ko kan kifi, ko jinin da aka karɓo wurin mahauta aka dafa. Ban da albasa, tana lalata jinin kare. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji. Ruwa mai tsabta da inuwa kuwa ba su cin ko kwabo.

Huhu ko hanta ko kan tunkiya mai ƙullutun ruwa, kada a jefa wa kare ɗanye. Daga nan yake ɗaukar tsutsa, ya zubar da ƙwanta a kashinsa a makiyaya. Tumaki su ci, wata ta kamu da juwar nan da take ta zagaye wuri ɗaya, wani irin tsutsar kuma yakan kama hantar mutum, har yara. Kun ga, karen maƙwabci ba maganar maƙwabci kaɗai ba ce. Maganin tsutsa a nemi malamin dabbobi ya auna bisa ga nauyin karen. Na shanu da ake zuba wa kare da ka, ya kashe da yawa.

Akwai ramar da ba a taɓawa. In kare ya sāke hali farat ɗaya, yana dalala, muƙamuƙinsa ya saki, ko yana cizon itace da duwatsu, ko ƙafafun baya sun shanye, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai ƙashi ya maƙale. Haukan kare yakan zo haka. A rufe shi, a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Kada kuma a yi maza a sayar da irin wannan kare ga fataken da ke kai su kasuwar Dawaki ta ƙasar Kanke. Likitocin dabbobi sun sha samun ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a kasuwanni, mai fiɗa kuwa da hannunsa yake aiki.

In ka yi magana sau ɗaya, sau biyu, mutumin ya ƙi, sai ka ɗauki dattijo ɗaya daga ƙungiya ku koma. Ku ba shi hanyar fita: ko wani ya karɓi karyar ya yi jinyarta, ko a saye ta. In duk ya ƙi, dabba tana mutuwa a ɗaure, a kai wa mai unguwa da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, gama dokar Final Kod ta hana azabtar da dabbar gida. Kada dai ka kwance kare da dare ka tafi da shi. Sata ce, ko da niyyarka mai kyau ce.

Allurar rigakafin hauka ana yi wa kare daga wata 3, a maimaita kowace shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta a nan ƙasarmu. Dole maganin ya zo cikin sanyi, saboda haka malami ba ya son ɗauko shi domin kare ɗaya. Magatakardan ƙungiya ya rubuta yawan karnukan 'yan ƙungiya da na maƙwabtansu, a tara kuɗin man babur, a sa rana guda bayan girbi. Ranar 28 ga Satumba ce aka keɓe a duniya don yaƙi da wannan cuta, a lokacin kuma waɗansu jihohi sukan yi allurar kyauta, sai a tambaya a ofis tun watan Agusta.