Taimakekeniyar Lafiya: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Gumel

Kowane hakimi a ƙasar Gumel ya san irin abin da ciwo kan yi wa gida. Maigida ya yi noma, ya cika rumbu da gero, ya tayar da sa ɗaya ko biyu, sa'an nan rana ɗaya matarsa ta kasa haihuwa, likita ya ce sai an yi mata aiki. Kafin mako ya zagayo an kora san nan kasuwar Maigatari ran Alhamis, an sayar da shi a kan abin da dillali ya ga dama, domin mai gaggawa ba ya ciniki. Don rage irin wannan asara ne Gwamnati ta kafa shirin inshorar lafiya, wanda a Jihar Jigawa a ke kira taimakekeniyar lafiya.

Ma'anar Shirin

Mutane da yawa su kan zuba kuɗi kaɗan kaɗan a asusu guda tun suna lafiya. Wanda ciwo ya kama daga cikinsu sai ya tafi asibitin da aka rubuta masa, a duba shi, a ba shi magani, asusun nan ya biya. Ya bambanta da adashi, domin a adashi kowa yana da ranar kwasarsa, amma a nan mara lafiya kaɗai ke ɗauka. Wanda shekara ta wuce bai kwanta ba, kuɗinsa ya yi wa ɗan'uwansa amfani, shi kuma ya kwana da sanin cewa in tasa ta zo ba za a bar shi ba. Ya fi kama da gayya: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Asalinsa

A shekarar 1999 aka yi dokar da ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, watau NHIS, amma bai soma aiki sosai ba sai 2005, da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, ta kuma ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi ɗaya cikin ɗari ba na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Jihar Jigawa ta kafa tata hukumar, mai suna JICHMA, a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, ofishinta yana Dutse. A watan Mayu na 2022 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke ta 1999, ta kafa hukumar NHIA, ta kuma mai da shiga inshorar lafiya tilas a kan kowane mazaunin Nijeriya.

Hanyoyin Shiga

Hanyoyin da ke gaban mutumin Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar guda huɗu ne, kowace da irin mutanenta.

Ta fari ita ce ta masu albashi. Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya, kamar jami'an kwastan da na shige da fice da ke bakin iyaka a Maigatari, shirinsa yana hannun NHIA. Ma'aikacin jiha kuwa, shirinsa yana hannun JICHMA, daga albashinsa a ke cire nasa kason. Waɗannan ba su da wahalar zaɓen hukuma, sai dai zaɓen asibiti.

Ta biyu ita ce ta marasa ƙarfi. Dokar 2022 ta lissafa su: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. Waɗanda aka rubuta a wannan sashe ba su biyan kome, Gwamnati ce ke biya musu. Amma kuɗin bai isa a rubuta kowa gaba ɗaya ba, saboda haka gurabu ƙidayayyu ne a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 287 na jihar.

Ta uku ita ce ta masu sana'ar kansu: manoma, da fatake, da dillalan dabbobi, da mahauta, da direbobi. Waɗannan su kan biya kuɗin shekara da kansu. Hukumar NHIA tana da wani shiri mai suna GIFSHIP, wanda aka buɗe a 2020, inda mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya za su iya shiga. Lokacin da ya fi dacewa manomi ya biya shi ne da kaka, sa'ad da riɗi da wake su ke hannu.

Ta huɗu ita ce ta kamfanonin 'yan kasuwa, waɗanda a ke kira HMO. Kuɗinsu ya fi yawa, kuma manyan asibitocin da su ke hulɗa da su galibi a birane su ke. Sun fi amfani ga attajiri mai yawan tafiya Kano ko Legas. Mutumin ƙauye da ya biya su, alhali kuwa babu asibitinsu kusa da shi, ya sayi rijiya ne a garin da ba ya zaune.

Abubuwan Da Za A Duba Kafin A Zaɓa

1. Nisan asibiti. Kowane mutum asibiti ɗaya a ke rubuta masa, can kuma hukuma ke aika kuɗinsa. In ya tafi wani dabam ba tare da izini ba, to, daga aljihunsa zai biya, sai dai in larurar gaggawa ce. Don haka a zaɓi wanda za a iya kai mara lafiya da dare, ko da damina sa'ad da hanya ta ɓaci.

2. Yawan iyali. A shirin ma'aikatan tarayya, kuɗin da a ke cirewa ya ɗauki ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'yansa huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mai mata biyu ko fiye sai ya yi ƙarin biya kafin a rubuta sauran. Wajibi ne maigida ya tambayi wannan tun da wuri, kada rashin sani ya haddasa rigima tsakanin ɗakuna.

3. Irin ciwon da aka ɗauka. Zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da awon ciki, da haihuwa, da irinsu duk suna ciki. Waɗansu manyan cututtuka masu tsada ba a ɗaukar su duka. A nemi a karanta wa mutum jerin a bakin ma'aikacin hukuma.

4. Kuɗin magani. Ma'aikacin tarayya ya kan biya kashi goma cikin ɗari na kuɗin maganin da aka rubuta masa. Ba zalunci ba ne, ƙa'ida ce. Amma a karɓi rasit.

5. Takardar turawa. In ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, shi ne zai ba da takarda zuwa Babban Asibitin Gumel, daga can kuma in ta kama a wuce Dutse, ko Birnin Kudu, ko Kano. Wanda ya tsallake wannan tsani ya jawo wa kansa biya.

6. Lokacin jira. Ba ran da aka biya a ke fara shan magani ba. Wanda ya bari sai ciwo ya kwantar da shi ya makara.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Wurin da amana ta fi nauyi shi ne rubuta sunayen marasa ƙarfi. Ma'aikacin da ya zo daga Dutse bai san wace ce gwauruwa mai marayu ba, bai san wane ne makahon da ba shi da mai ciyar da shi ba. Dagaci da mai unguwa su ne suka sani. In aka cusa sunan mai hali saboda dangantaka ko siyasa, to, an ƙwace gurbin wani ne, wataƙila kuma ransa ne aka ƙwace. Ya kamata hakimi ya sa a karanta sunayen a ƙofar fada a gaban jama'a.

Malamin hakimi kuwa ya ajiye littafi, ya rubuta sunan kowa, da ƙauyensa, da asibitinsa. Ya tabbatar sunan da ke katin ɗan ƙasa shi ne aka rubuta, domin a kan nemi lambar katin nan wajen rajista, harafi ɗaya kuma ya kan hana mutum magani. Shirin jiha na mazaunan jiha ne. Baƙin da ke zuwa cin kasuwa daga Jamhuriyar Nijar a bayyana musu haka da girmamawa.

Sai an kula da 'yan damfara masu yawo ƙauyuka da takardun jabu suna karɓar kuɗin rajista. Duk wanda ya zo da wannan magana a kai shi gaban hakimi, a bincika a sakatariyar ƙaramar hukuma kafin kowa ya ba da ko kwabo. Haka kuma in mai kati ya je asibitinsa aka ce kullum babu magani, a rubuta ƙara da kwanan wata a aika wa hukuma, domin an riga an biya asibitin nan kuɗin mutumin.

Ana fatan hakimai za su tara dagatai da limamai da shugabannin kasuwa su bayyana musu wannan kafin kaka ta wuce.