Sassaucin Haraji da Matsalar Muhalli a Zangon Nima

Sassaucin haraji wata dabara ce da gwamnati kan bi don ta jawo masu jari su gina gidaje masu araha. Wato takan yafe wa kamfani wani kaso na harajinsa, shi kuma ya gina wa masu ƙaramin ƙarfi. Amurka ta ɓullo da irin wannan tsari a 1986. A Ghana ma, dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 ta rage wa irin waɗannan kamfanoni haraji na tsawon shekara biyar.

To, shin wannan rangwame yana isa ga mazauna Nima da Maamobi, zangunan da ke maƙwabtaka da Kanda a birnin Accra? Tun wajajen 1930 baƙi daga arewa suka fara zama a Nima, har ta cika maƙil. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa yankin Accra ya haura mutum miliyan 5, ya zarce kowane yanki a ƙasar.

Matsalar ita ce, yawancin mutanen zango ɗaki ɗaya ko biyu suke haya a gidan taro, ba gidan kamfani ba. Mai irin wannan gida ba kamfani ba ne, saboda haka rangwamen ba ya shafarsa. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida gaba ɗaya, amma sau da yawa na shekara biyu ake nema. Ke nan, sai sassaucin ya kai ga mai gyara ɗakunan haya kafin ɗan zango ya gani a ƙasa.