Auren kan iyaka: Yadda rufe gada da faɗuwar naira suka sauya neman aure a Junju da Gaya

A garuruwan Junju, Karakara da Zabori da ke jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar, da wuya ka sami gidan da ba shi da suruki a jihar Kebbi ta Najeriya. Arawa da Kyangawa da Dendawa sun daɗe suna ƙulla aure tsakanin Gaya, Kamba, Kangiwa da Malanville ta ƙasar Benin, tun kafin Turawa su shata iyaka. A Dole Kaina ma iyakar ta ratsa tsakiyar gari ne, ana iya ɗauko amarya daga wata ƙasa a kai ta wata a ƙafa.

Wannan zumunci ya shiga gwaji bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris, amma hukumomin Nijar suka bar gadar Gaya zuwa Malanville a rufe, suna kafa hujja da tsaro. Sai 'yan ɗaurin aure da masu kai kayan ɗaki suka koma tsallake Kwara a kwale-kwale, kowane buhu da kuɗin fitonsa.

Abin da ya fi taɓa aljihun samari kuwa shi ne canji. Tun da gwamnatin Tinubu ta saki naira a Yunin 2023, darajarta ta zube, alhali sefa na ɗaure da kuɗin Yuro. Jika ɗaya ta sefa, da a farkon 2023 ake canzawa a kan naira dubu ɗaya da 'yan kai, ta haura naira dubu biyu a 2024. Ke nan saurayin Kamba da ke neman 'yar Junju, idan iyaye suka yanka sadaki da sefa, nauyinsa ya ninka ba tare da an ƙara masa ko dala ba. Na Junju kuwa da ya sayar da rakensa da sefa, ya fi shiga kasuwannin Kebbi da ƙarfi wajen haɗa lefe, duk da cewa atamfa da akwati su ma sun tashi.

Rikicin canjin har wajen rabuwa yana biyo ma'aurata. Macen da ta nemi hul'i za ta mayar da sadaki, to da wane kuɗi? Wanda aka ambata ranar ɗaurin aure, ko ƙimarsa ta yau? Yawancin auren karkara ba a rubuta shi a magajin gari, don haka sai a koma ga waliyyai da shaidu, a ga abin da suka tuna.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda. Yunƙurin da aka yi a 2011 ya ci tura bayan ƙungiyoyin addini sun ƙi amincewa. Al'ada da fiƙihun Malikiyya ne ke hukunci a gaban mai gari, liman ko alƙali. Shi ya sa saƙon murya na WhatsApp, wanda da shi ake zance yanzu tsakanin ɗan ci-rani a Kwatano ko Legas da budurwarsa a gida, ya zama abin da ake kunna wa malamai a tantance ko furucin da miji ya yi cikin fushi saki ne. Matar da mijinta ya yi shiru a ƙetare ta fi kowa shan wuya: babu ci da sha, babu takardar saki, kuma ba ta da damar wani auren.

Akwai kuma batun shekaru. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su kai 18, adadi mafi yawa a duniya. A Disambar 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace, sai dai yarinyar da aka kai ɗakin miji a hayin iyaka ta fita daga hurumin wannan doka, sunanta kawai ke saura a rajistar makarantarsu.