Tsohuwar Fijo: yadda za a tada ta, yadda za a riƙe ta



A garuruwa da yawa na ƙasar Adar akwai wata tsohuwar mota kwance gindin itace ko bayan danga. Tayoyinta sun sace, kaji na ƙwai a cikinta, yara sun mai da ita gidan wasa. Sau da yawa Peugeot ce, wadda muke kira Fijo, mai buɗaɗɗen baya, wato bashe. In ka tambaya sai a ce maka ta mutu. Amma wata suma kawai ta yi, kuma ana iya tada ta.

Wani zai ce mene ne ya kawo zancen mota a shafin lafiya da noma. Ku dubi ƙauyukan karkarar Bambai. Mai garka ya tsinke tumatir, yana son ya riski kasuwar Tawa ranar Lahadi. In babu mota, rabin kayan ya ruɓe kafin ya ga mai saye. Ga kuma mace da naƙuda ta yi wa tsawo cikin dare, ungozoma ta ce a kai ta babban asibiti. Amalanke na yin abin da zai iya, amma jaki ba ya gudu da mai zubar jini. A irin wannan dare, tsohuwar mota mai tashi ta fi sabuwar da ke birni amfani.

Daga ina waɗannan motoci suka fito?

An fara ƙera Peugeot 404, wadda direbobinmu ke kira kat-san-kat, a Faransa a shekarar 1960. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna cikin Nijeriya, kuma can aka ci gaba da yin 504 har wajajen 2006, bayan Faransa ta daɗe da barin ta. Wasu kuma ta hamada suka shigo mana. Cikin shekarun 1980 Turawa kan tuƙo tsofaffin Fijo daga ƙasarsu, su ratsa Aljeriya, su biyo ta Arlit da Agadas, su saida su a nan su koma gida ta jirgi.

A zamanin da ake ƙera waɗannan, a Amurka wata irin mota ce ake yayi, mai ƙaton inji da gudun tsiya. Pontiac GTO da Ford Mustang sun fito a 1964, Dodge Charger a 1966. Injin GTO ya kai girman na kat-san-kat sau huɗu, shan mansa ma ba a magana. Da mai ya yi tsada a duniya a 1973, sai kasuwarsu ta faɗi. Har yau akwai masu neman tsofaffinsu a can, su kashe dukiya su gyara su, su fito da su ranar biki don a yi kallo. Su don ado suke yi, mu don hatsi da marar lafiya. Amma aikin iri ɗaya ne, kuma ƙa'idar farko ɗaya ce: a duba ƙashin mota kafin a duba fatarta.

Dalilin da ya sa Fijo ta cancanci wahala shi ne sauƙinta. Injinta ba shi da kwamfuta. Makaniki mai sifana da kunne mai kyau na iya gane ciwonta. Kayan gyaranta, sababbi da na hannu, ana samun su a Tawa da Ƙwanni da Sakkwato da Kano. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, sun tuna yadda kuɗin kayan Faransa ya ninka. Tun daga nan makanikanmu suka ƙware wajen haɗa mota ɗaya daga gawar biyu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin a kashe dala ɗaya

Ku nemo makanikin da ya san Fijo, ku kai shi inda motar take. Kada ku fara da inji. Ku fara da shasi, wato dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashi, waɗanda duk motar ke zaune a kansu. A ƙwanƙwasa su da guduma. In ƙarfe ya yi ƙara mai kyau, akwai rai. In ya zubo da tsatsa kamar garin jan dutse, ko ya tsage wurin da sifirin ke kama, ko an taɓa yi masa walda bisa walda, to ku haƙura. Wannan motar ta zama ta cire-cire. Inji ana sake shi, ƙofa ana sake ta, amma shasin da ya ruɓe zai karye ne wata rana da mutane a kai.

Ku nemi takardun motar kuma. Lambar da ke cikin takarda ta yi daidai da wadda aka buga jikin ƙarfe. Ga amfanin karatunku nan: ku karanta lambar da kanku, baƙi bayan baƙi.

In shasi ya yi, sai a koma ga inji. Injin da ya shekara kwance ba a tada shi da ƙarfin tsiya. A cire buji, wanda wasu ke kira fulogi, a ɗiga ɗan baƙin mai cikin kowane rami, a bari ya kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu. A zubar da tsohon isansi, wato fetur, a wanke tanki. A sake baƙin mai da matacinsa. In tsohon man ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga inji, sai an buɗe kansa.

Ranar da ta tashi, ku tsaya bayanta ku dubi hayaƙi, don hayaƙi ba ya ƙarya. Shuɗi na nufin injin na cin baƙin mai, ringinsa ya gaji. Baƙi na nufin isansi ya yi yawa ko iska ba ta shiga sosai. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na nufin ruwa na ƙonewa a ciki.

Birki kafin fenti

A nan ne mutane da yawa ke ɓata. Da mota ta tashi sai murna ta kama mai ita. Ya kai ta wurin mai fenti, a rubuta mata kirari a baya, alhali birkinta sai an taka sau uku yake kamawa. A ganinmu wannan kuskure ne babba. Ƙasarmu ta duwatsu ce da gangara da kwari. Motar da ta ƙi tashi ta ɓata maka rana ɗaya, amma wadda ta ƙi tsayawa na iya ɗaukar rai.

Saboda haka kuɗin farko na birki ne. Duk wata roba da ke jikinsa a sake ta, don rana da shekaru na busar da roba ko da motar ba ta motsa ba. Man birki na shan laima, shi ya sa ake sake shi duk shekara 2. Bayan birki sai sitiyari, sai tayoyi, sai fitilu. Fenti shi ne na ƙarshe.

Game da taya, akwai lamba huɗu a gefenta da ke faɗin ranar haihuwarta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta kai shekara 10 kada a saye ta ko zanenta na da kyau. Araha ba ta ado.

Riƙon yau da gobe

Maƙiyan mota a Adar uku ne: ƙura, zafi da lodi.

Ƙurar hunturu na shiga inji ta goge shi kamar yashi. Matacin iska ne ke tsare ta. A buɗe shi a kakkaɓe duk mako, in ya yage a sake shi. Kada a yarda mota ta yi tafiya babu shi. Baƙin mai kuma a juye shi duk kilomita 5000, in hanyar ta ƙura ce ma tun kafin nan.

A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa kan wuce digiri 40. Kowace safiya, kafin a tada mota, direba ya duba ruwan lagireto, wato tankin da ke sanyaya inji, ya duba baƙin mai, ya taɓa fanbel ya ji ko ya saki. Ruwan rijiya mai kanwa na barin dutse cikin lagireto har ya toshe shi. Ruwan sama da aka tace ya fi, in an samu ruwan sanyaya inji na kanti ya fi duka. Batir kuwa ba a zuba masa sai tataccen ruwan batir.

Sai lodi. Bashe an yi ta ne don kaya wajen tan guda, wato buhun hatsi 10 masu kilo 100. Mun sani ana ɗora mata ninkin haka, a ƙara mutane a sama, ƙafafu na reto. Ribar ranar ce ake gani. Ba a lissafa sifirin da ya karye da tayar da ta fashe tsakiyar daji, ga albasa cikin rana.

Lafiyar mai gyara da ta iyalinsa

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai. A tokare ta da kututture mai ƙarfi, a sa dutse gaban taya da bayanta. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan na tsalle ya ƙona fuska. Kada a zuƙi isansi da baki, in ya faɗa huhu yana da haɗari ƙwarai. Ƙurar tsohon birki ba a hura ta, da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta.

Hayaƙin mota na ɗauke da guba marar wari. Kada a bar inji na aiki cikin rufaffen ɗaki. In salansa ta huje a gyara ta, musamman in ana rufe bayan motar da tamfol mutane na ciki. Wanda ya fara jin ciwon kai da jiri da amai, a tsaya a fito da shi sarari.

Baƙin man da aka juye ba magani ba ne. Wasu na shafa shi ga gyambon jaki ko ƙazuwar raƙumi, har da na mutum. A daina. Kada kuma a zubar da shi kusa da rijiya ko garka. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ba ta komawa ta ruwan sha. Tsohon batir akwai dalma a cikinsa, dalma kuwa na lalata ƙwaƙwalwar yara. Kada a fasa shi cikin gida, a ajiye shi inda yaro ba ya kai.

Littafin mota

In motar ta ƙungiya ce, ko ta ƴan'uwa da suka haɗa kuɗi, a sayi littafi ɗaya da biro a ajiye cikinta. A rubuta ranar da aka juye mai da lambar kilomita. A rubuta abin da aka samu kowace kasuwa da abin da aka kashe. Daga kuɗin kowace tafiya a ware wani abu a asusun gyara, kada a taɓa shi don suna ko biki. Motoci da yawa da ke kwance yau, ƙaramin abu ne ya kwantar da su ranar da aljihu ba kome, daga nan aka fara cire mata batir, aka ari taya.

Abu na ƙarshe da ya kamata a shiga littafin shi ne shirin dare. A ajiye lita 10 ta isansi a rufe, nesa da wuta da yara, wadda ba a taɓawa sai don marar lafiya. Tayar safaya ta kasance da iska, fitilu na kamawa. Ungozoma da ma'aikacin likita da maigari su san gidan da direba ke kwana, kuma su riƙe lambar wayarsa a rubuce.