Ƙwaƙwalwar Jirgi Maras Matuƙi: Sana'ar Da Ke Jiran Masu Gyaran Waya A Wunti

BAUCHI — Duk wanda ya ratsa ta Kasuwar Wunti zai ga matasa sun duƙufa a kan teburansu, suna liƙa ƙananan sassan wayar salula da dalma. Irin wannan hannu ne ake bukata wajen haɗa ɗan allon da ke sarrafa ƙaramin jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu.

Shi wannan allo bai kai tafin hannu ba, amma shi ne ƙwaƙwalwar jirgin. Farfela biyu suna juyawa dama, biyu kuma hagu. Na'urar awo da ke kan allon tana auna karkatar jirgin sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, sa'annan ƙaramar kwamfutar ta ƙara wa wani inji gudu, ta rage wa wani. In lissafin ya kuskure, ko girgizar injuna ta rikita awon, jirgin ƙasa zai yi, jarin mai shi ya bi ruwa.

Tarihi ya nuna cewa ba sai da babbar masana'anta ake fara wannan aiki ba. A wajajen 2010 wani Bafaranshe mai suna Alexandre Dubus ya ciro na'urar awo daga abin wasan Nintendo Wii, ya haɗa ta da allon Arduino, ya samar da tsarin MultiWii. A yau manhajojin ArduPilot da Betaflight kyauta ne ga kowa.

A nan gida ma akwai abin misali. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ƙera helikwafta da injin mota ƙirar Honda Civic. Haka kuma a Fabrairun 2018 rundunar sojojin sama ta ƙaddamar da jirginta maras matuƙi, Tsaigumi, a Kaduna.

Sai dai akwai hanzari ba gudu ba. Na farko, sassa irin su na'urar awo ta MPU-6050 da kwamfutar STM32 daga waje ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar naira tun watan Yunin 2023 ta ƙara musu tsada. Saboda haka ƙera allo ɗaya-ɗaya da wuya ya yi gogayya da farashin na Sin. Na biyu, tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta hana tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da na Ofishin Mai Bai Wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro.

To, ina ribar take? Tana wajen gyara da saiti. Masu ɗaukar hoton biki da masu awon filaye suna amfani da waɗannan jirage, kuma duk jirgin da ya faɗi mai gyara yake nema. Wanda ya taɓa haɗa allon da hannunsa shi ne zai gane ciwonsa.

Ke nan, in 'yan kasuwa suka zuba jari wajen shigo da sassa da yawa a lokaci guda, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ta horar da masu gyaran a kan lissafin saiti, kuɗin gyaran zai tsaya a Bauchi.