Shanun da aka ba kiwo a Dutsi: Abin da mai dabba zai duba idan ya je ruga

’Yan kasuwa da ma’aikata da dama a Daura da Katsina sun zuba jarinsu a shanu, sun damƙa su ga makiyaya a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Dutsi. Sai dai akasarinsu ba sa leƙa garken sai sallah ta ƙarato, ko kuma an aiko cewa saniya ta kwanta, lokacin da magani ba ya yin tasiri sosai.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne da sassafe, kafin a saki garke. Lafiyayyar saniya tana miƙewa da kuzari, tana tuƙa, hancinta da laima. Wadda ta ware daga ’yan uwanta, ko take zama ta ƙarshe a tafiya, ita ce abar tuhuma. Tari da numfashi da ƙyar na iya nuna ciwon huhu, wanda ke yaɗuwa ta numfashi. Dalalar miyau da ɗingishi alamun boru ne. Rama da kumburi a ƙarƙashin haɓa kuwa sukan biyo bayan ciwon hanta, wanda dabba ke ɗauka daga ciyawar bakin ruwa, kamar ta gefen madatsar Daberam. A duba kaska a kunne da hantsa da gindin wutsiya.

Bazara ce mafi tsanani. Daga Maris zuwa Mayu ciyawa ta ƙare, tozo na zubewa, haƙarƙari na bayyana, yunwa kuma na sa shanu haɗiye leda. Babbar saniya kan buƙaci lita 30 zuwa 40 na ruwa kullum a wannan zafi. Don haka a tambayi nisan mashaya, a kuma tanadi dusa da harawa da kanwa tun da kaka, kafin su yi tsada.

Sannan a tambayi makiyayi ranar da aka yi allurar ƙarshe. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa rigakafin ciwon huhu, kuma duk shekara ake sabunta shi. Idan an ga alamar cuta, a ware dabbar, a kira jami’in lafiyar dabbobi. Garzayawa da ita kasuwar Mai’aduwa na iya kai cutar cikin garken wani.