Haya da Tarayyar Kayan Aikin Asibiti a Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa

A watan Agusta na 2024 majalisar ministocin Nijar ta rage da rabi kuɗin da ake biya a cibiyoyin lafiya na gwamnati, tun daga ganin likita da kwanciya har zuwa awon jini da ɗaukar hoto da aikin tiyata, ta mayar da haihuwa kyauta, ta kuma soke jika 150 na sefa da mai ciwon ƙoda yake biya kafin a fara yi masa wankin ƙoda. Matakin ya fara aiki ranar 1 ga Satumba, kuma babu mai musun sauƙin da ya kawo wa talaka. Sai dai kuɗin awon nan da aka rage shi ne asibiti yake tarawa ya sayi sinadaran gwaji, ya zuba wa injin wuta mai, ya biya mai gyara idan na'ura ta tsaya, don haka duk ragin da baitulmali bai cike gurbinsa a kan kari ba, zai ƙara tura asibitoci ga hanyar da suka riga suka kama, wato hayar na'ura daga ɗan kasuwa ko dogara ga na'urar wata cibiya. Wannan hanya tana da amfani, amma a yadda take tafiya yanzu, ba tare da rubutaccen tsari ba, majinyaci ne yake ɗaukar mafi yawan nauyinta.

Tarayya, a ma'anar da ake nufi a nan, ita ce cibiyoyi da yawa su riƙa amfani da na'ura ɗaya ko ɗakin aiki ɗaya, haya kuwa ita ce na'urar ta kasance mallakar wani kamfani ko wani mutum, asibiti yana biyan kuɗin amfani da ita. Tsarin lafiyar Nijar kansa a kan tarayya aka gina shi, domin ɗakin shan magani na ƙauye yana tura majinyaci zuwa cibiyar lafiya da ake kira CSI, ita kuma ta tura shi asibitin gunduma, daga nan sai babban asibitin jiha da ake kira CHR, kowane mataki yana da kayan da na ƙasansa ba shi da su. A takarda Tsibirin Gobir yana ƙarƙashin Gidan Rumji, Jiratawa kuma tana ƙarƙashin Madarunfa, amma garuruwan biyu suna jikin birnin Maraɗi, saboda haka mai neman hoton ciki ko hoton ƙashi ko ledar jini yakan nufi birni kai tsaye, inda babban asibitin jiha yake, da cibiyar kula da uwa da yaro, da cibiyar ƙarin jini ta jiha, da sabon babban asibitin da aka gina a zamanin Mahamadou Issoufou. Ƙidayar 2012 ta nuna birnin yana da mutane kimanin 267,000, jihar kuwa ta haura miliyan 3.4, kuma tana cikin wuraren da aka fi yawan haihuwa a ƙasar, wanda ke nufin na'urorin da aka girka a birni suna hidimar jama'ar da ta ninka mazaunansa sau da yawa.

An fi ɗora alhakin wannan hali a kan tsadar saye, kuma gaskiya ne cewa na'urar sikana, mai ɗaukar hoton cikin jiki sashe-sashe, ta fi ƙarfin kasafin kowace gunduma. Amma dalilin da ya fi nauyi shi ne kuɗin riƙo, wato abin da na'ura take ci kowane wata bayan an gama bikin ƙaddamar da ita. Binciken da Perry da Malkin na Jami'ar Duke a Amurka suka wallafa a 2011, wanda ya duba kayan aiki sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya gano kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo da rashin tsarin kulawa da ƙarancin abubuwan da na'ura take bukata kamar wuta da ruwa. Samun na'ura ya fi riƙe ta sauƙi, domin gwamnati ko ƙungiyar agaji ko attajirin gari yakan saya ya ba da kyauta, amma da wuya a sami mai ɗaukar nauyin batir ko bututun da ya ƙone bayan shekara uku.

A Nijar wannan matsala tana da tarihinta na musamman. Tun bayan Shirin Bamako na 1987 aka ɗora wa cibiyoyin lafiya su riƙa mayar da wani ɓangare na kuɗin da suke kashewa daga abin da majinyata suke biya, sa'annan a 2005 da 2006 gwamnatin Mamadou Tandja ta mayar da tiyatar fiɗar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, bisa alkawarin cewa baitulmali zai riƙa biyan cibiyoyin abin da suka kashe. Manufar ta ceci rayuka masu yawa, amma biyan ya riƙa jinkiri na watanni har da shekaru, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa, kuma cibiyar da take bin gwamnati bashi ba ta iya daina sayen maganin zazzaɓin cizon sauro, don haka abin da take fara jinginewa shi ne gyara. Haka ake samun na'urar da ƙaramin abu ya lalace a cikinta ta shafe watanni a lulluɓe, ma'aikata suna rubuta wa majinyata takarda su je wani wuri. Duk wanda ya san wannan tarihi dole ne ya dubi ragin 2024 da ido biyu, domin tambayar da ta tashi a 2006 ita ce ta sake tashi: wa zai biya bambancin, kuma yaushe?

Wuta da hanya sun ƙara dagula lamarin. Wutar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana zuwa daga Nijeriya ta layin Katsina, kuma lokacin da aka yanke ta a Agustan 2023, cikin takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, asibitoci suka koma kan injin wuta har zuwa ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Na'urar awon jini da ta hoto ba sa jure ɗaukewa da dawowar wuta ba zato, firijin ajiye jini da allurar rigakafi kuwa ba ya jira. Kayan gyara daga ƙetare suke zuwa, rufe iyakar Benin ya karkatar da kaya daga tashar Kwatano zuwa doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso, ƙwararrun masu gyara kuma galibinsu suna Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. A irin wannan yanayi shugaban asibiti ba shi da laifi idan ya ga ya fi masa sauƙi wani ya mallaki na'urar, ya ɗauki ciwon kan gyaranta.

Hayar da ta fi yaɗuwa a ɗakunan gwaji na Afirka ita ce wadda kamfani yake ajiye na'urarsa ba tare da karɓar kuɗin saye ba, da sharaɗin asibiti zai riƙa sayen sinadaran gwaji a wurinsa shi kaɗai na wasu shekaru. Amfanin a bayyane yake, tun da ribar kamfani tana tsayawa ranar da na'urar ta tsaya, don haka yana da dalilin gyara ta da sauri. Illar kuwa tana ɓoye cikin farashin sinadaran, domin yawancin irin waɗannan na'urori ba sa karɓar sinadarin wani kamfani, kuma asibitin da ya sa hannu ya rasa ikon yin ciniki har wa'adin ya cika. Idan gwamnati ta rage kuɗin awo da rabi alhali farashin sinadari yana nan yadda yarjejeniya ta ƙayyade, kowane awo yana iya zama asara ga asibiti, abin da ke biyo baya kuma shi ne a ce wa majinyaci sinadari ya ƙare. Kenya ta gwada haya a babban mataki a 2015, inda ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da kamfanoni irin su GE da Philips domin wadata asibitoci 98, amma kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya yi kakkausar suka a 2020, saboda an ɓoye sharuɗɗan yarjejeniyar ga gundumomin da ake cire wa kuɗin, kuma an kai kaya wuraren da ba su da isasshiyar wuta ko ma'aikacin da ya iya sarrafa su. Haya ba ta kawar da bukatar wuta da ƙwararre ba, ta dai sauya wanda ake bin bashi.

Misalan da suka fi ƙarfafa gwiwa a jihar Maraɗi na tarayya ne, kuma sun yi kama da juna a abu ɗaya: an san mai kula da kayan, an san inda kuɗin riƙo yake fitowa. A Danja, cikin yankin Jiratawa, cibiyar kula da masu yoyon fitsari da aka buɗe a 2012 an gina ta ne a harabar tsohuwar cibiyar lafiya da kula da kuturta ta mishan SIM, maimakon a je a fara komai daga tushe a wani fili. A Madarunfa ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta daɗe a jihar tun kafin yunwar 2005, tana tallafa wa sashen yara a cikin asibitin gunduma na gwamnati. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita don gano tarin fuka a 2010, tana iya yin gwajin wasu cututtuka idan aka sauya ƙwanson gwajin, kuma an tsara ta yadda cibiyoyi da yawa za su aiko mata da majina ko jini ba sai majinyaci ya zo da ƙafarsa ba. Ko motar ɗaukar marasa lafiya, wasu gundumomin Nijar sun riƙe ta da ƙarin dala ashirin da ake karɓa a kan kuɗin ganin likita, ana tarawa a asusu ɗaya domin mai da gyara.

Inda babu irin wannan tsari, tarayya tana nufin majinyaci shi ne yake yawo tsakanin na'urori. Mace mai ciki daga ƙauyukan Tsibiri da aka rubuta wa hoton ciki za ta biya kuɗin kabu-kabu ko mota, ta zo da mai rakiya, ta yi layi, idan kuma na'urar gwamnati ta tsaya ta nufi asibitin kuɗi, inda ragin 2024 bai shafa ba, sa'annan ta koma da takardar sakamako wurin wanda ya aiko ta. Wannan kuɗi ba ya fitowa a lissafin kowane asibiti, shi ya sa masu tsara kasafi suke ganin tarayya ta fi arha fiye da yadda take. Akwai kuma haɗarin da ya kamata a faɗa a fili, cewa idan ma'aikacin gwamnati yana da hannu a ɗakin awo na kuɗi, lalacewar na'urar gwamnati ta zama riba gare shi. Daɗin daɗawa, bukatar jihar ba ta zuwa a rarrabe, domin daga tsakiyar damina zuwa kaka zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna cika sassan yara a lokaci guda, kowace cibiya tana neman jini da iskar oksijin a mako ɗaya, kuma abin da kowa yake bukata a rana ɗaya ba ya yiwuwa a yi karɓa-karɓa da shi.

Masu ganin kowace gunduma ta mallaki kayanta suna da hujja a wannan fanni na ƙarshe, kuma a kan injin tace iskar oksijin da firijin jini mai aiki da hasken rana da ƙaramar na'urar hoton ciki gaskiya tana wurinsu, domin waɗannan kaya ne na gaggawa da bai kamata a nemo su daga nesa ba. Amma faɗaɗa hujjar zuwa sikana ko injin wankin ƙoda zai ƙara yawan na'urorin da suke lulluɓe ne kawai, tun da gundumar da ta kasa riƙe ƙaramar na'ura ba za ta riƙe babba ba. Ƙasar da sai a 2021 ta buɗe cibiyarta ta farko ta gashin ciwon daji a Yamai ba ta da zaɓi game da manyan na'urori face ta yi tarayya da su.

Abin da ya rage ga hukumar lafiya ta jiha shi ne ta rubuta tarayyar da ake yi da baki. Ana bukatar rajista ɗaya ta na'urorin da ke Maraɗi da Madarunfa da Gidan Rumji, wadda za ta nuna mai aiki da wadda ta tsaya da ranar tsayawarta, da babur ko mota mai zagaya cibiyoyin Tsibiri da Jiratawa a ranakun da aka sani tana kwasar jinin awo tana mayar da sakamako. Kowace yarjejeniyar haya ya kamata a bayyana ta ga kwamitin kula da asibiti, a rubuta cikinta kwanakin da kamfani zai yi gyara, a daina biya muddin na'ura ba ta aiki, a kuma wajabta horar da masu gyara mazauna Maraɗi, aikin da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, mai sashen koyar da likitanci a cikin birnin, za ta iya shiga. Dukkan waɗannan suna rataye ne a kan biyan cibiyoyin lafiya bambancin kuɗin da aka rage musu a 2024, wata-wata, tare da ware kason gyara da ba za a taɓa shi don sayen magani ba.